Yadda za ka canja kalmar sirrin rumbun bayanai kowa ya san sunanka

A ce manhajar da masu POS na Anka, Gummi da Bukkuyum ke cin abinci da ita tana hannunka, kwantenoninta kuma Kubernetes ke kiwonsu. Ga hanyar yin suna kafin azahar.

Zaɓi ranar kasuwa, da hantsi, lokacin da layin masu cirar kuɗi ya kai bakin titi. Faɗa cikin PostgreSQL ba sallama, ka canja kalmar sirri. Za ka ga komai na tafiya lafiya lau, domin rumbun ba ya korar wanda ya riga ya shiga, sabon zuwa yake tarewa a ƙofa. Rufe kwamfuta, ka tafi shan fura.

Kafin ka shanye, tsofaffin haɗin sun fara yankewa. Manhaja ta ƙwanƙwasa da tsohuwar kalma, an ƙi buɗe mata. Wani Alhaji a Gummi ya riga ya kama igiyar sa, kuɗi sun ƙi fita.

Sai ka tuna da ma'ajiyar sirri ta Kubernetes, ka zuba sabuwar kalmar a ciki. Madalla. Amma kada ka kuskura ka sake tayar da kwantenonin. Wanda aka damƙa wa kalmar lokacin tashinsa zai riƙe tsohuwar gam har ya mutu; wanda ke karanta ta daga fayil ne kawai ke iya ganin canji, shi ma sai in manhajar ta san komawa ta duba.

Waya za ta fara ruri. Ka ce sabis ne. Wanda ya ga Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya, ba zai yi maka musu ba.

Sabuwar kalmar kuwa, tura ta zauren WhatsApp na ofis, a base64, ka ce ka kulle. Yaron da ke koyon aiki zai kwance ta da umarni ɗaya.

Akwai matsorata, ba na ɓoye maka. Su asusu biyu suke buɗewa a rumbun: su ba na biyu sabuwar kalma, su juya kwantenoni kansa ɗaya bayan ɗaya, sai sun ga babu mai shiga da na farko su soke shi. Wasu ma Vault suke bar wa aikin, ya riƙa raba kalmomin da ke mutuwa da kansu bayan sa'o'i. Shekara biyar suna aiki, ko mai POS ɗaya a Bukkuyum bai da lambar wayarsu.