Mu da Komit Ɗinmu

Mu 'yan fadar nan ta Karakara masu taɓa rubuta manhaja, halinmu ɗaya: komit a kai a kai, ba tsari ba fasali. Wa zai ga laifinmu? Wuta ba ta sallama in za ta tafi, rezo kuwa sai ya ga dama, balle a 2023 da Najeriya ta yanke lantarkin da take ba Nijar. Da mutum ya gyara layi biyu sai ya adana. Sunayen kuwa sai dariya: "gyara", "gyara kuma", "yanzu dai ya yi", "a'a bai yi ba".

Wannan tarkacen na cikin ɗaki ne. Ranar aika faci ga masu manhajar, sai a ɗora shayi a buga git rebase -i. Ƙananan gyare-gyare a narkar da su cikin uwarsu da squash ko fixup, wanda ya riga malam masallaci a mai da shi baya, mai sunan banza a raɗa masa sabo da reword, a bayyana dalilin gyaran.

"Yaya, wannan ba ƙarya ba ce? Ai ba haka aikin ya gudana ba," in ji wani ƙanenmu.

Babbanmu ya ce, "Kai yaro, ka taɓa ganin ɗan kasuwa ya iso duwan ɗin Gaya da albasa da gero da takalma a buhu ɗaya? Zazzage shi za a sa ka yi a rana."

Kuma da gaskiyarsa. Mutanen Linux, waɗanda don aikinsu Linus Torvalds ya ƙirƙiro Git a 2005, ƙa'idarsu faci ɗaya magana ɗaya, kuma bayan kowanne dole manhajar ta ci gaba da aiki. Ba don iyayi ba ne. In matsala ta ɓullo bayan shekara, git bisect ne ke raba tarihin gida biyu, ya sake rabawa, har ya cafke komit mai laifi. To, in ya faɗa kan "a'a bai yi ba" fa? Bincike ya cije. Ƙarshen bayanin kowane faci kuma akwai Signed-off-by da sunanka, ba wurin ɓuya.

Abin da ke haɗa mu faɗa shi ne mutum ya sake tsara reshen da 'yan'uwa suka riga suka ja, ya tura da ƙarfin tsiya, kowa ya wayi gari tarihinsa ya saɓa da na kowa. Mai wannan aika-aika, fada ta yanke: sukarin mako a wuyansa yake, har da na'a-na'a.