Masu Jiran Bagauda

A Bagauda, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, kusa da madatsar ruwan da aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo, akwai gine-ginen da a da otal ne na masu zuwa shan iska. Yau nan ne reshen Kano na Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya. Daga garin Bebeji ba wata tafiya ba ce, amma a takarda hanyar tana da nisa: sai ka tsallake JAMB, ka yi shekara biyar a jami'a, in ka yi rashin sa'a yajin aikin ASUU ya ƙara maka, kamar na 2020 da ya ci wata tara, da na 2022 da ya ci takwas. Bayan duk wannan sai ka zauna jiran sunanka, in ya fito kuma ka koma jiran kuɗi. A wannan zaman ne ake gane halin kowa, daga Kiru har Riruwai. Kuma a ƙasarmu ba mai fom kaɗai ke jira ba, zuri'a guda ce ke zaune a kan tabarmar.

Na fari shi ne Barista tun ran gini. Ranar da ya cike fom ɗin JAMB ya zaɓi karatun lauya a Jami'ar Bayero ko a Kongo ta Zariya, ranar unguwa ta naɗa shi, ba rawani ba kuɗin goro. Daga nan ya daina sa rigar ƙwallo, sai farar shat da baƙin wando ko da a ƙwallar rana ce. A teburin mai shayi ba ya cewa "ba haka ba ne", sai dai "ina da ja". In akuyar maƙwabci ta shiga gonar wani, shi ke fara isa wurin, hannu goye a baya, yana tambayar ko akwai shaidu. Abin da bai shigar a lissafinsa ba shi ne kowace tsangayar shari'a tana da adadin ɗaliban da majalisar kula da ilimin lauyoyi ta ƙayyade mata, kuma ba wasa ake yi da ƙa'idojin ba: a farkon 2025 an dakatar da ɗaukar ɗaliban lauya a makarantu takwas, har da ta 'yan sanda da ke Wudil. Masu nema dubbai, kujeru ƙalilan. To, sai wata safiya ya buɗe shafinsa na CAPS, inda JAMB ke nuna gurbin da aka ba mutum, ya tarar an miƙo masa Tarihi. Kwana uku ba a ganinsa a wajen mai shayi. A na huɗu ya fito yana bayanin cewa ai Tarihi shi ne tushen shari'a, kuma a aji biyu zai yi canji. Canjin ba ya yiwuwa, amma sunan ya zauna. Akwai malaman firamare da dillalan masara a ƙasar nan da ake ce musu Barista har gobe, kuma suna amsawa.

Waɗanda suka tsallake wancan siraɗin, suka kammala digiri, su ne ainihin masu jiran Bagauda. Cikinsu wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Mai neman sabis. Ya san kowane tudu, kowace bishiya da kowace katanga a garinsu inda waya ke kama layi biyu. In ka hango mutum bayan isha'i a kan tulin bulo ya ɗaga hannu sama, ba addu'a yake yi ba. Mai cajin waya ya san shi, mai sayar da data ya buɗe masa shafi a littafin bashi. Babban tashin hankalinsa tafiya ce ta hanyar Kano zuwa Jos. Sauran fasinjoji in an doshi dajin Falgore suna addu'ar a fita lafiya, shi kuwa ya riga ya yanke wa kansa cewa daidai lokacin da mota ta shige dajin, sabis ya ɗauke, lokacin ne za a saki sunaye, a rufe shafin kafin a ɓullo. Ana fita daga dajin ya danna da hannu na rawa. Shafin yana nan yadda ya bar shi tun watan jiya. Ya yi ajiyar zuciya, ya sake dannawa, ko da kuskure aka yi.

Mai neman sabis ba zai wahala haka ba in da babu Mai majiya. Wannan kullum wani "na ciki" ya gaya masa. Ba a taɓa jin sunan na cikin ba, amma ya san an kai fayil tebur ɗin oga, ya san oga ya tafi Umara, ya san biro ɗin da za a sa hannu da shi. Ranarsa guda ce: Litinin mai zuwa. In Litinin ta zo ta wuce, sai ya turo saƙo a zauren WhatsApp cewa an samu 'yar tangarɗa, amma wannan karon magana ta ƙare. Sau da yawa shi ke turo jerin sunayen da za a yi ta kabbara, sai wani mai sanyin kai ya lura na bara ne. Ba ya jin kunya, ba kuma ya fushi. Ni dai na daina ganin laifinsa. Jama'a ce ke buƙatarsa, in ya yi shiru kwana biyu, su waɗanda ke zaginsa su ne ke bugo masa waya su ce, "Malam, yaya ake ciki ne?"

Mai tawakkalin baki ba ya buƙatar dogon bayani. "Ni wallahi na bar wa Allah, ko dubawa ba na yi." Ƙarfe biyu na dare za ka gan shi a kan layi.

Sai Ɗan lissafi, wanda ya gane tun da wuri cewa fitowar suna rabin magana ce. Yana da littafi mai ja da baƙin layi. A shafin hagu ya rubuta kuɗin makaranta, wanda a zangon 2023 zuwa 2024 ya tashi daga naira 296,000 zuwa 476,000, har sai da Majalisar Wakilai ta sa baki. Ƙarƙashinsa baƙaƙen kwat da fararen riguna, don a can ba a shiga aji da shadda, sai kwamfutar cinya, littattafai, abinci, kuɗin mota na watannin da za a tura shi kotu da ofishin lauyoyi koyon aiki, sannan can ƙasa hular gashi da baƙar riga ta ranar rantsuwa. Duk ya mayar da su buhunan shanshera, don da wannan ma'aunin kaɗai za a fahimce shi a gida. A shafin dama kuma, inda ake rubuta abin da ke hannu, ya sa kalma ɗaya da manyan baƙaƙe: SIKOLASHIF.

Nan ne wasan yake. Ya je tantancewa. Ya kai takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda sai da ta bi ta hannun mai unguwa da dagaci, ya kai hotuna, ya kai kofen kowace takarda tun daga ta firamare, ya sayi fayil sabo, ya bi layi, an duba shi an ce ya tafi zai ji alat. Tun daga ranar duk ƙarar da wayarsa ta yi sai gabansa ya faɗi, ya duba ya ga kamfanin waya ne ke tallar waƙar kira. Abin mamakin shi ne kuɗin da bai gani ba ya riga ya kashe su sau uku. Tela ya ɗinka kwat a kansu. Mai shago ya ba da sukari da taliya a kansu. Ƙanwarsa an yi mata alkawarin atamfa a kansu. Da gwamnatin Kano ta ƙaddamar da shirin tura ɗalibai 1,001 karatun digiri na biyu a Indiya da Uganda a 2023, sai ya ƙara wani shafi a littafin, ya shiga tambayar yadda ake yin fasfo. Da asusun NELFUND ya buɗe a 2024, ya kwana yana nazarin sharuɗɗansa, ya fito ya sanar da majalisar hirarsu cewa wannan rance ne, ba kyauta ba, babu ruwa a ciki, kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya. Majalisa ta ji "babu ruwa" ta yi hamdala, ta ji "ake fara biya" ta watse.

Bayan kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai Baba. Baba bai taɓa yarda da maganar nan ta cewa mutum ya yi shekara biyar yana karanta lauya amma bai zama lauya ba. "To, shi karatun da ka yi na mene ne?" A yi masa bayani cewa doka ce tun 1962, sai an bi ta wannan makaranta, an ci jarrabawarta, sannan a rantsar da mutum ya iya tsayawa gaban alƙali. Ya gyaɗa kai. Bayan sati ya sake tambaya. Yana da dalilinsa: akwai wata iyakar gona a fadama da suke ja da ɗan baffansa tun kafin a haifi yaron, ya kuma ƙi yarda a sasanta, yana cewa a bari ɗansa ya gama. Yana da sa guda da ya hana a kai Kwanar Ɗangora, ya ce na makaranta ne. San ya ci harawa ya ci dusa, ya yi ƙiba, shi kaɗai ne a gidan jiran ya karɓa.

Inna kuwa damuwarta daban. Ta ji an ce lauya yana tsayawa ɓarawo, kuma abin bai kwanta mata ba. Duk sanda za ta sa albarka sai ta karkata ta: "Allah ya sa ka zama alƙali, ɗan nan."

Akwai kuma ita Barista mace, wadda jiranta ya ninka na kowa, don a kanta ana jiran abu biyu. Gwaggo ta zo takanas daga Tudun Wada ta ce, "Tunda dai sunan bai fito ba, ai sai a yi abin da ya fi, in ya so ta ƙarasa a ɗakinta." Saurayin ma ya zama mai duba shafi, sai dai ba a san wace addu'a yake yi ba. Kawu ya kawo maganar hijabi, ya ce ya ji can ana cire wa mata. Ita ce za ta zaunar da shi ta ba shi labarin Firdaus Amasa, wadda aka hana rantsuwa a ƙarshen 2017 saboda ta ƙi cire nata, aka yi ta muhawara a ƙasa, aka dawo aka rantsar da ita da hijabinta a 2018. Kawu ya ce, "To, ai shi ke nan," ya koma neman wata hujjar. A lura da ita: ba ta magana a zauren WhatsApp, ba ta hawa tulin bulo, takardunta na jere cikin jaka tun watanni. Galibi ita ke fara sanin sunaye sun fito, kuma sai ta gama wanke-wanke take faɗa.

Wanda nake jira in gani a kowace shekara shi ne Mai kawu a Abuja. Shi fitowar suna ba ta dame shi ba, reshen da za a tura shi ne magana. Makarantar tana da hedikwata a Bwari, tana da rassa a Legas, Inugu, Yola, Yenagoa da Fatakwal, ga kuma Bagauda. Shi ya riga ya gama tsari: Bagauda za a ba shi, ya riƙa zuwa gida ranar Juma'a, ana kawo masa tuwo a kula da kifin Tiga. Kawu ya ce an gama. Yaron Honarabul ma ya ce an gama, har ya karɓi na mai. Ranar da aka saki rabon, sai ga Yenagoa. Gida ya rikice. Aka ɗauko wani tsohon direban tirela ya zo ya kwatanta inda take, ya ce ruwa ne gaba da baya, kuma damina ba ta ɗaukewa. Inna ta fara ƙulla kuka da kuɓewa busasshiya da yaji. A daidai wannan lokacin, can Inugu, wata uwa na share hawaye don an tura ɗanta wani wuri wai shi Bagauda, tana cusa masa rigar sanyi da man shafawa saboda hunturu. Kawu kuwa wayarsa na kashe har sati biyu, daga baya ya kira ya ce ai da gangan ya yi, don yaro ya ga duniya.

Duk waɗannan in abin ya ishe su wurin Tsohon hannu suke zuwa. Shi ya gama digiri, sunansa bai shiga rukunin farko ba saboda cunkoson da yajin aiki ya tara, ko kuma ya shiga kuɗi suka gagara ya ɗaga zuwa baɗi. Ya yi fushi, ya yi rama, ya warke. Yanzu yana da rumfar POS a bakin titi, yana koyar da adabin Turanci a wata makarantar kuɗi, ya kama 'yar gonar shinkafa. Shi ke rubuta wa mutane yarjejeniyar cinikin fili da ta jinginar gona, yana gargaɗinsu cewa shi fa a matsayin ɗan'uwa ya rubuta. Sabbin masu jira suna zagaye shi, yana ba su fatawa ba tare da ya ɗago daga injin ba: kar ka sayi kwat sai ka ga sunanka, kar ka ci bashi a kan alat, kar ka gaya wa kowa rana. In aka ce masa ai shi ya huta, sai ya ce su dai su shiga tukuna. Akwai jiran sakamakon jarrabawar ƙarshe, akwai na ranar rantsuwa, kuma wanda ya faɗi sai ya sake zama.

Ran da sunaye suka fito da gaske, ba wanda ya yarda da farko, don Mai majiya ne ya turo. Sai da aka ga Mai tawakkalin baki ya fito a guje ba hula. Aka yi guɗa, aka raba alewa, maƙwabta suka yi ta shigowa barka. Da aka natsa, Baba ya kira ɗansa zaure, ya sa aka karanto masa ranar da za a rufe biyan kuɗi, ya ƙirga da yatsu, ya dubi inda san yake ɗaure.

"To, Barista, shi kuɗin gwamnatin fa?"

Kafin yaron ya buɗe baki, Mai majiya ya leƙo daga ƙofa. "Baba, ai wannan an gama. Litinin."