Kukan Andalus a Otal Mai Tauraro Biyar

Dubai ta tsufa. Hukuncin da manyan gari suka yanke ke nan ba tare da sun kira taro ba. A da in mutum ya ce ya ɗan leƙa Dubai sai majalisa ta yi tsit a matsa masa wuri. Yanzu har mai sayar da caja a kasuwar waya ya je ya dawo, ya ma san lungun da ake sayar da shinkafa da wake a can. Don haka masu hali suka sauya sheƙa, yayin tafiyar tarihi ake yi, wai ilimi za a je nema. Kamfanonin shirya tafiya kuwa ba sa barci, nan da nan suka ɗinka musu riga daidai wuya: mako guda a kudancin Sifaniya, birane uku, Sebiya da Ƙurɗuba da Giranada, otal mai tauraro biyar, mota da direba, jagora naka kai kaɗai, da gidan abincin da ake rubuta sunan mutum watanni kafin ya ji yunwa.

Biza ba ta fito ba labari ya riga ya fita. Ko maganar farashin taki ake yi, sai Alhaji ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Kusan shekara 800 fa muka mulki ƙasar nan." Lissafin bai yi nisa da gaskiya ba, daga 711 da Ɗariƙu bin Ziyad ya tsallaka teku zuwa 1492. Sai dai mai wannan magana mutum ne da ya kasa raba 'ya'yansa faɗa a kan tashar da za a kalla. Yaran nan kuwa sun daɗe da sanin Sebiya da Giranada, a gidan kallon ƙwallo.

Asarar farko a filin jirgin Madrid ake yin ta. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama daga waje, Hajiya kuwa ta cika rabin akwati da kilishi da dambun nama. Alhaji ya tsaya yana yi wa ma'aikaci bayani da hannu da ƙafa cewa wannan ba nama ba ne, kilishi ne. Bature ya saurara da ladabi, ya zuba a kwandon shara. Abin da ya tsira shi ne robar yaji, ita ma don tana cikin jakar hannu ne. Daga nan sai jirgin ƙasa mai gudun tsiya, wanda tun 1992 yake haɗa Madrid da Sebiya cikin kamar awa biyu da rabi. Gonakin zaitun suna wucewa ta taga iya ganin ido, Alhaji yana minshari.

A Sebiya abin gani na farko shi ne Hiralda, hasumiyar da Muwahhidai suka kammala a 1198, wadda yanzu ta zama wurin rataye ƙararrawar babban coci. Ba matakala a cikinta, gangare ne sama da talatin ake bi ana kewayawa, an ce don ladan ya hau a kan dabba. Da jagora ya faɗi haka sai Alhaji ya duba hagu da dama ya ce, "To ina dabbar?" A gangare na tara gwiwa ta ce ba da ita ba. Ya jingina da bango, ya miƙa wa ɗan rakiyarsa waya ya ce ya ƙarasa ya ɗauko garin daga sama. Kafin yaron ya sauko da numfashinsa, saƙo ya isa kowane zauren WhatsApp: "Alhamdulillahi, mun hau." Mutumin nan duk zuwansa ta'aziyya Katsina ta gefen hasumiyar Gobarau yake wucewa, bai taɓa sauke gilashin mota ba. Amma Gobarau ba ta buƙatar biza, wa zai yi maka barka da zuwa?

A fadar Alkasar ya fara gwajin kuka. Ya ga rubutun Larabci a bango, ya dafa ƙirji ya ce, "Gidan sarakunanmu!" Jagora ya jira ya gama, sannan ya yi bayani a hankali cewa wannan sashe wani sarki Kirista mai suna Pedro ne ya sa aka gina masa a shekarun 1360, da magina Musulmi, har da waɗanda aka aiko daga Giranada. Alhaji ya mayar da hankici aljihu ya ajiye hawayen sai gaba. Ɗan rakiya shi ma ya sami nasa darasin a titi. Ya ga itatuwan lemo jere da 'ya'ya ja wur babu mai tsinka, ya ce lallai mutanen nan ba su san arziki ba. Gatsa ɗaya ya yi, fuskarsa ta ba da cikakken rahoto. Lemon ɗaci ne, Ingila ake kai irinsa a dafa da sukari a shafa a burodi.

Abinci shi ne babban yaƙin tafiyar. Cikin Alhaji bai san an sauya ƙasa ba, ƙarfe bakwai yake kiran tuwo. A can kuwa da rani ƙarfe bakwai rana na nan tsaye, magariba sai wajen goma saura, kuma ba mai hura wutar abincin dare kafin takwas ta wuce. Da aka samu aka shiga, Hajiya ta ɗaga kai ta ga cinyoyin alade reras a rataye a saman kanta. Daga bakin ƙofa zuwa kujera ta yi a'uziyyar da ta ishi unguwa guda. Aka kawo miyar tumatir da burodi mai kauri, wadda Ƙurɗuba ke alfahari da ita, sanyi ƙalau don haka ake shan ta. Alhaji ya kira mai kawo abinci ya ce a mayar a ɗumama, kuma a gaya wa mai girki ya ji tsoron Allah, kuɗi aka biya. Sai da aka yi bincike aka gano jan abin da aka barbaɗa a kai tare da dafaffen ƙwai daga cinyoyin nan aka yanko shi. Aka koma kan farfesun jelar sa, aka ce da giya ake dafa shi. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare sai ga mai ɗaki a otal mai tauraro biyar a tsaye a lungu, a shagon wani Bafakistane, yana cin nama da gurasa a takarda. Wannan hoton ba a ɗauka ba.

Ƙurɗuba ita ce mahaɗar kukan, kuma a gaskiya wurin ya isa a yi masa kuka. Abdurrahman na Ɗaya ya fara ginin masallacin wajen 785, sarakunan bayansa suka yi ta ƙarawa har kusan shekara 200. Mutum na shiga daga zafin da ke haura digiri 40 sai ya faɗa inuwa mai sanyi, ginshiƙai kusan 850 a jere, kowane biyu da baka hawa biyu a samansu, ja da fari, ja da fari, har ido ya rasa ƙarshensu. Can ƙurya ga mihrabin da Alhakam na Biyu ya sa aka ƙawata da ƙananan duwatsun gilashi masu ruwan zinariya, aikin gwanayen da aka kawo daga daular Rumawa ta gabas. Garin ya faɗi a 1236, a ƙarni na 16 aka dasa coci a tsakiyar ginin. Wanda ya zauna shiru minti goma a nan zai fita da wani abu a zuciyarsa.

Alhaji ba shi da minti goma, yana da aiki. Ya zaɓi ginshiƙi, ya gyara hula, ya cire tabarau. "Ka kama ni daga gefe, ka yi yadda za a ce ban sani ba." Ya dafa dutsen, ya sunkuyar da kai, kafaɗa ta fara rawa. "Ranka ya daɗe, wasu sun gifta." Kafaɗa ta tsaya cak, aka jira ayarin ya wuce, aka sake daga farko. A karo na uku Hajiya ta ce hular ta karkace. An gaya masa tun a mota cewa ba a barin Musulmi su yi salla a ciki, ya ji sarai, amma sai da ya ga mai gadi ya matso sannan ya fara gyara tsayuwa. Mai gadi ya girgiza yatsa, Alhaji ya girgiza kai, tsaraba ta samu: "Har salla suka hana ni." Washegari a Giranada, inda aka buɗe masallaci tun 2003 a kan tudun da ke kallon fadar Alhamra, babu mai hana kowa, sai ya tuna shi matafiyi ne, zai haɗa a otal.

A gindin ganuwar Ƙurɗuba akwai mutum-mutumin wani dattijo mai rawani da littafi a gwiwa. Alhaji ya dafa shi aka ɗauka, sannan ya tambaya ko wane sarki ne. Ibn Rushdi ne, haifaffen garin a 1126, mai Bidayatul Mujtahid. Nan abin ke ba ni dariya, don Andalus ɗin da Alhaji ya biya miliyoyi ya je nema ta daɗe da tarewa a zauren malamin unguwarsu. Ishiriniyar da ake rerawa duk Maulidi ta Alfazazi ce, mutumin Ƙurɗuba. Ashafa da ake karantawa da azumi ta Alƙali Iyal ce, wanda ya yi alƙalanci a Giranada. Tuhfa da alƙalanmu suka yi ta yanke hukunci da ita ta Ibn Asim ce, shi ma ɗan Giranada, ga kuma tafsirin Ƙurɗubi. Malam ya shekara arba'in a cikin waɗannan littattafai, amma ofishin biza takardar banki yake dubawa, don haka rabonsa a tafiyar shi ne maƙalin makulli mai hoton masallaci. Kuma duk daren da masu Ishiriniya suka ɗaga murya a bayan gida, Alhajin nan ne ke aika mai gadi ya ce su rage, yana son barci.

Daren Ƙurɗuba an tanadi liyafa ta musamman. Garin na da gidan abinci mai suna Noor, mai taurarin Michelin uku, wanda ya yi suna da farfaɗo da girkin zamanin Andalus, har a shekarunsa na farko ba ya sa abin da bai iso ƙasar ba kafin 1492. Ke nan ba tumatir, ba dankali, ba barkono, don duk daga Amurka suka zo daga baya. Jagora ya ƙara da labarin Ziryab, mawaƙin da ya iso daga Bagadaza a 822, wanda ake cewa shi ya koya wa garin a fara da romo, a bi da nama, a rufe da kayan zaƙi. Alhaji ya ce Allah ya jiƙan Ziryab, a kawo naman. Irin wannan wuri faranti ne faffaɗa da loma ɗaya a tsakiya, kamar ɗan wake guda da ya ɓata a cikin daro. Mai kawowa ya yi minti biyu yana karanta asalin lomar da danginta, Alhaji ya haɗiye kafin a kai aya. A faranti na shida Hajiya ta buɗe jaka a ƙarƙashin tebur, robar yaji ta fito, aka gyara tarihin ƙarni na 10 da ɗan yatsa.

Alhamra ita ce ta koya wa Alhaji agogo. Tikitin shiga fadar sarakunan Banu Nasr da suna yake, da lokaci a rubuce, ana duba fasfo, wanda ya makara ya yi asara. Alhaji ya taɓa aljihu ya tambayi jagora ko ba a ɗan ba su na goro. Jagora ya ce ba sa cin goro. Haka aka ga mutumin da bai taɓa isa ɗaurin aure kafin a shafa fatiha ba yana sassarfa a kan tudu, babbar riga a kafaɗa.

A farfajiyar zakuna ta zamanin Muhammadu na Biyar, zakunan dutse 12 ne ke ɗauke da kwarya guda, ginshiƙai 124 sirara sun kewaye su. Ruwan da ke gudana a fadar tun ƙarni na 13 aka janyo shi daga kogin Daro ta magudanar da ta bi gefen dutse. Alhaji ya ɗauki rufin ɗaki ta kowace kusurwa ya tura wa mai yi masa silin a gida da umarni: "Irin wannan, kafin Sallah." Shi ma yana da maɓuɓɓugar ruwa a tsakar gidansa, ranar tarewa ta yi aiki, yanzu kaji ke kwana a ciki. Da aka nuna masa kirarin gidan sarautar da ke maimaituwa a bango, cewa babu mai rinjaye sai Allah, ya ce a ɗauka da kyau, zai dace da fastar takara. Jagora ya ba da labarin ƙarshe, yadda Abu Abdullahi, sarkin Giranada na ƙarshe, ya yi ta yaƙi da mahaifinsa da baffansa a kan gadon sarauta har ya miƙa makullan gari ranar 2 ga Janairun 1492. Alhaji ya daɗe yana girgiza kai. "Rashin haɗin kai ne ya kashe mu." Ana cikin haka waya ta yi ƙara, lauyansa ne, a kan shari'ar gadon da yake yi da ƙannensa.

An dawo gida lafiya da akwatin turare da jakunkuna da rigunan ƙwallo. Majalisa ta cika, aka tambayi yadda ƙasar take. "Ƙasa ta yi kyau, sai dai ba abinci." Malam, yana juya maƙalin makullinsa, ya matso da ladabi ya ce ya karanta cewa a wajen Ƙurɗuba akwai kangon Madinatuz Zahra, birnin da Abdurrahman na Uku ya gina, wanda bai cika shekara ɗari ba aka rushe shi, ko Alhaji ya samu ya gani? Alhaji ya ɗan yi shiru, ya waiwaya.

"Kai, mun je nan?"

Ɗan rakiya ya zaro waya ya yi ta gogawa da yatsa. "Mun je, ranka ya daɗe. Ga ka nan kana kuka."