Idan Bature Ya Ce Akwai Magana

Ni dai a ganina babu kalmar Turanci da ta kai "talk" cin amanar mai koyo. Dogayen kalmomi masu gaɓa biyar ko shida ba su cika cutar kowa ba, domin da ganinsu ka san akwai aiki, sai ka nufi ƙamus cikin ladabi. Ita kuwa wannan haruffanta huɗu ne kacal, tun muna firamare aka ce mana ma'anarta magana, muka rubuta a littafi, muka haddace, muka wuce abinmu muna ganin an gama da ita. Alhali tun daga furucinta ya kamata mu sha jinin jikinmu. Cikin haruffan nan huɗu, ɗaya zaman kashe wando yake yi: ana rubuta "l" amma ba a furta shi, kamar yadda yake a "walk" da "chalk". Kalmar da ta ɓoye rubu'in jikinta a bainar jama'a, me zai hana ta ɓoye niyyarta?

Masana asalin kalmomi sun ce ta fara bayyana a rubuce a Ingila wajen shekara ta 1200, kuma dangi ɗaya suke da "tell" da "tale", wato gaya wa mutum abu da kuma ba da labari. Harafin "k" na ƙarshe ana ɗaukarsa alamar maimaita aiki, irin yadda muke mayar da tambaya ta zama tambaye-tambaye. Ke nan tun ran gini tun ran zane, an haife ta ne don yawan baki. Inda matsalar take shi ne mu Hausawa mun saba laƙaba wa kowace magana sunanta tun kafin a fara ta. Akwai hira, akwai taɗi, akwai zance, akwai surutu, akwai gulma, akwai shawara, akwai nasiha, akwai jawabi, akwai faɗa. In aka ce maka ka zo a yi maka nasiha, ka san da wace fuska za ka tafi. Bature ma yana da kalmomi na dukkan waɗannan, amma a bakinsa na yau da kullum sai ya tattara su ya zuba a buhu ɗaya ya ɗaure bakin, ya miƙo maka yana murmushi. Ba za ka san ko gero ne a ciki ko kunama ba sai ka zura hannu. Iƙirarina shi ne da gangan yake yin haka, don kalmar tana sauƙaƙa masa faɗin abu mai nauyi ba tare da ya nuna nauyinsa ba.

A ɗauki ma'aikacin da maigidansa ya leƙo ya ce masa "we need to talk". Bawan Allah ya fassara a ransa cewa oga na bukatar hira, har ya ji daɗi an fara sanin darajarsa. Ya gyara hula, ya shiga ofis da fara'a, ya tambayi lafiyar iyali, ya ma ɗauko labarin ƙwallon jiya don kada hirar ta yi sanyi. Minti goma ya fito da takardar gargaɗi a hannu, in ma ba ta sallama ba ce. A Ingila da Amurka duk wanda ya ji wannan jimla daga bakin shugabansa, ko matarsa, ko budurwarsa, gabansa faɗuwa yake yi, don ba a taɓa kiran mutum da ita a ba shi kyauta ba. Haka nan "I will talk to him": in uwa ce ta faɗa game da ɗanta, faɗa zai sha, in aboki ne, roƙo zai je ya yi maka, in kuwa ɗan daba ne a fim ɗin Amurka, to a fara neman mai ɗori. A caji ofis kuma abin ya fi muni, domin "he talked" na nufin ya tona asirin abokan laifinsa. Sai ka ga mutum da zuciya ɗaya yana yabon ɗan'uwansa cewa ai ya yi wa 'yan sanda magana sosai, bai san ya shafa masa kashin kaji ba.

Sannan ga 'yan ƙananan kalmomin da ke bin bayanta, waɗanda su ne ainihin masu riƙe da wuƙa da nama. "Talk back" rashin kunya ne, mayar wa babba da magana. "Talk down to" raini ne, yi wa mutum bayani kamar ƙaramin yaro. "Talk into" lallashin mutum ne har ya aikata abin da bai yi niyya ba, "talk out of" kuma hana shi abin da ya yi niyya. "Talk over" in a kan matsala ne shawara ce mai kyau, in a kan mutum ne danne masa murya ne. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne mutumin da ya shafe awa guda yana zuba, sai da ya ambaci kuɗi aka ce masa "now you are talking", wato duk abin da ya faɗa a baya iska ce. In aka ce "look who is talking", ɗalibi mai biyayya sai ya waiwaya yana neman mai maganar, alhali da shi ake. A Ingila har cewa suke "you can talk", kai ka ɗauka izini aka ba ka, ka gyara murya ka ci gaba, nan kuwa cewa ake yi kura ce ke ce wa kare maye.

Ƙara mata harafi ɗaya tak, "s", sai ta sa babbar riga. "Talks" ba hirar bakin titi ba ce, tattaunawar gwamnatoci ce. Da wannan suna aka kira zaman da Amurka da Tarayyar Sobiyet suka fara a Helsinki a 1969 kan taƙaita makaman nukiliya, wanda ya kai Nixon da Brezhnev ga sa hannu a Mosko a 1972. Da shi jaridun Turanci suka kira zaman sulhun yaƙin basasar Nijeriya a Kampala da Yamai da Addis Ababa a 1968, ko da yake yaƙin bai tsaya ba sai Janairun 1970. A Afirka ta Kudu a 1990, lokacin da gwamnatin de Klerk ta fara zama da ANC ta Mandela, har "talks about talks" aka yi, wato zaman tattauna yadda za a zauna a tattauna. Amma wannan kalmar dai da ake dogaro da ita wajen hana duniya ƙonewa, ita ce in aka ce mutum "all talk" ne, an ce fankam fayau ne, cika baki kawai ya iya.

Na san wani zai ce ina ɗora wa Turanci laifin da Hausa ma ke da shi, kuma yana da hujja. In surukinka ya aiko cewa yana da magana da kai, ka same shi bayan isha'i, ba barci za ka yi da rana ba. In aka ce wane ya yi wa wance magana, ko maganarsu ta yi nisa, aure ake nufi. Matasan Amurka ma yanzu suna cewa "we are talking" kan soyayyar da ba ta nuna ba, abin da kakanninmu suka daɗe da sa wa suna zance. Har hirar banza ta Bature kan ruwan sama da sanyi, wadda yake kira "small talk", muna da tamu: mutum na shirin faɗuwa don wahala, a ce masa ina gajiya, ya ce ba gajiya. Malinowski, masanin halayyar al'umma, ya yi bayani tun 1923 cewa irin wannan magana ba labari take ɗauke da shi ba, zumunci take ɗaurawa. Duk na yarda. Sai dai wannan hujja ni take ƙarfafawa. Tarkon Hausa mun san inda aka ɗana shi, muna gane shi daga tsawon gaisuwa da lokacin da aka zaɓa da wanda aka aiko. Na Turanci an ɗana shi a wani wurin daban, ƙamus kuma jera maka ma'anoni yake yi, ba ya gaya maka yadda fuskar oga take lokacin da ya faɗa.

Wani kuma zai ce to a ƙaurace mata mana, a riƙa amfani da "speak". Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. "Speak" ta fi sanyi da nisa, kuma shugaban da ya ce yana so ya yi "speak" da kai ya riga ya buga takardar, sa hannu kawai ya rage. Ga shi kuma ba ta yadda za ka guje wa "talk" a Nijeriya, don Turancin buroka ya ɗauke ta aiki uku, tana yin nata tana yin na "say" da na "tell". A kasuwar Sabon Gari "talk true" daidai ne, kowa ya gane, amma yaron da ya kai wannan salon takardar jarrabawar WAEC jan biro zai sha. A Papuwa Niyu Gini ta ma wuce haka, ta zama sunan harshe sukutum, Tok Pisin, ɗaya daga cikin harsunan hukuma na ƙasar, inda ake kiran ɗan ƙabilarka "wantok", wato mai magana ɗaya da kai. Turawa sun liƙa ta ga finafinai masu sauti da suka fara yaɗuwa daga 1927, sun liƙa ta ga kalangunmu suna ce masa ganga mai magana, sun liƙa ta ga na'urar sadarwar da sojoji suka riƙa yawo da ita a Yaƙin Duniya na Biyu, "walkie-talkie". A nan ne kawai na ga Bahaushe ya tsallake rijiya da baya. Ya dubi sunan, ya ga "l" biyu na zaman banza a ciki, ya ƙi karɓa, ya kasa kunne ya ji abin da ɗan sanda ke ta maimaitawa a bakin na'urar, ya raɗa mata oba-oba.