Yadda Za Ka Gaya wa Bature Yawan Waƙoƙinka

Ƙanena mai jita na Anu Araren, ranar da baƙo daga Amurka zai tare ka bayan biki ya tambayi irin waƙoƙin da ka iya, kada ka tsaya sosa rawani. Kalma ɗaya ce za ta fisshe ka, kuma tana cikin aljihunka: "répertoire". E, wannan dai da kake gani a wayar salula, inda lambobin 'yan'uwa suke. Ingilishi ya aro ta daga Faransanci, ya tuɓe mata ɗan tsinken da ke bisa "e", yana kiran dukkan abin da mawaƙi ya iya da ita. Sai dai in ya tambaye ka ita, kada ka miƙa masa lambar gwaggonka ta Arlit.

Wahalar tana wajen zaɓa mata abokiyar tafiya, don kalmar nan amarya ce mai zaɓen ƙawaye. Mu Hausawa rumbu muke gani: mu ce wane rumbun waƙa ne, kamar Mamman Shata. Shi Bature fili yake gani, faɗi yake aunawa. Zai ce "wide repertoire" ko "broad repertoire", in abin ya kai ya kawo ya ce "vast". Kada ka ce "long", zai ɗauka jawabi za ka yi. Kada ka ce "fat", ba ragon layya ba ne. Wanda ya yi lakwal zai so ya ce "large", to ya faɗa, ta shiga. Amma ya sani a Faransanci faɗi take nufi, a Ingilishi kuwa girma.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Waƙa ɗari masu kiɗa ɗaya yawa ne kawai, faɗi bai samu ba. Kai kuwa Allah ya ajiye ka a wurin da ake koyon faɗi kyauta. Tun da aka kafa kamfanin Sonichar a 1975 don haƙar kwal ɗin da ke ba Agadas da Arlit lantarki, ma'aikata suke zuwa nan daga ko'ina cikin Nijar. A biki ɗaya a nan Cirozerin, tsohuwa tana son ta ji amon tende, saurayi yana jiran jitar Abzinawa irin ta Abdallah Oumbadougou, Bamaradiya tana son abin da za ta taka, Bazabarme ma ya ƙi zama. In ka sallami waɗannan duka kafin a kwashe tabarmi, ka faɗi "wide" da ƙarfinka.

Dubi ƙungiyar Etran de L'Aïr. A bukukuwan Agadas suka goge tun 1995, suna haɗa jitar hamada da kiɗan Hausa har da sukus na Kwango, kafin duniya ta ji faifansu mai suna Agadez a 2022.

In kuwa waƙoƙinka biyar ne, akwai kalmar da ake jefa wa irinka: "limited". Maganinta ba ya cikin ƙamus. Je ka zauna wajen tsofaffin mata masu tende, ka roƙi su koya maka ko guda ɗaya kafin bikin Bianu mai zuwa.