Daren da tamfol ya gudu ya bar ni

Akwai wasu Turawa da Allah ya hore wa gida mai wuta da ruwan famfo da katifa mai laushi, amma da ƙarshen mako ya zo sai su kulle ƙofa su nufi daji da gangan. Can za su ɗaura igiya tsakanin bishiya biyu, su yafa tamfol a kai, su hura wuta da ƙirare, su dafa shayi a gwangwani, su ɗauki bidiyo su zuba mana a YouTube. Abin har da malamansa. Akwai Ray Mears na Ingila da ya yi suna a talabijin ɗin BBC, akwai marigayi Mors Kochanski na Kanada. Akwai kuma ɓangaren masu rage kaya, mabiyan wani Ba'amurke Ray Jardine da ya fitar da littafi a 1992 kan tafiyar ƙasa mai nisa. Su waɗannan, idan kayanka ban da abinci da ruwa suka haura kilo 4.5, ba ka cikin jama'arsu. Har mariƙin buroshin goge baki suke yankewa don kada ya yi musu nauyi.

Ni kuma ina kwance a Dutse, fanka na kaɗa ni, ina kallon waɗannan bayin Allah har data ta ƙare in sake sayen wata. Tun ina kallo don nishaɗi har na fara gyara musu aiki a zuciyata. Daga nan na yanke cewa ai ni ma ɗan daji ne, zaman ofis ne kawai ya ɓoye baiwar. Kuma ba ni da matsalar wurin gwaji, tunda Kawu na da gonar shinkafa a fadamar Miga, ga shi ƙarshen damina, lokacin da shinkafa ta ɗauki ido, yara ke kwana a gona don su riga jan-baki tashi.

Na ƙudurta tafiya da kaya marasa nauyi, kamar yadda malamai suka koyar. Na fara da tamfol shuɗi irin na shanya hatsi, da igiyar nailan, da wasu siraran turaku na gorar ruwa da na yi oda daga Kano. Sai na tuna da shayi, na ɗauko ƙaramar tukunyar gas mai kilo 3, wadda ƙarfenta kaɗai ya fi gas ɗin da ke ciki nauyi. Shayi kuma ba ya tafiya sai da buta da kofi da madara da sukari. Sai katifa mai hurawa da famfonta. Sai filo. Sai fitila mai caji, da tocila ko da fitilar za ta mutu, da fawa bank ko da tocilar za ta mutu. Adda, wuƙa, ƙaramin gatari. Jarkar ruwa mai lita 5, wato kilo 5 cif. Kaya kala uku, domin mutum bai san wanda zai haɗu da shi a daji ba. Da na ɗaga jakar na ji kafaɗata ta yi ƙara, sai na tuna ƙa'idar da ke cewa kada kaya su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin mai ɗauka. Dole a rage. Na zauna na yi nazari mai zurfi, na yanke mariƙin buroshi, sannan na zare gidan sauro na ajiye a kan gado.

Uwargida tana tsaye bakin ƙofa tana kallon ikon Allah. Ta ce, "Maigida, wai hijira za ka yi ne ko canjin wurin aiki aka yi maka?" Na ce mata wannan ilimi ne, ba kowa zai gane ba. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, in na dawo in taho mata da ɗanyar kuɓewa.

Ta Kiyawa da Jahun na bi. Ɗan acaɓan da ya ɗauke ni daga bakin titi zuwa gona ya dubi jakar, ya dube ni, ya ce kuɗin mutum biyu zan biya. Ban yi gardama ba, don ni ma da na goya ta a baya na san mutum ce.

Na iske Kawu a bakin gona yana gyara igiyar gwangwanayen korar tsuntsu. Bayan mun gaisa ya tambayi mutanen gida, sai ya nuna jakar da haɓa. "Ɗan nan, wannan tsarabar tamu ce?" Na yi masa bayani dalla-dalla, har da sunan Ray Jardine. Ya saurara da kyau, ya ce, "To, madalla. Ga bukkar yara can a kan tudu in ka gaji da ilimin." Na ce Allah ya ƙara girma, ba za a kai ga haka ba.

Muna cikin magana wani saurayin Bafulatani ya biyo burtali da shanunsa. Na ƙare masa kallo. Sanda a kafaɗa, malfa a ka, gorar fura a rataye, mayafi da wata leda a naɗe a bayansa, aswaki a baki, ƙaramar waya a aljihu. Shi ke nan. A haka zai yini, a haka zai kwana, gobe ya ƙara gaba. Duk kayansa in aka ɗora a sikeli ba na jin za su kai nauyin jarkar ruwana. Ya ɗaga mini hannu, ya dubi jakata, ya tambayi Kawu ko mai maganin gargajiya ne ya zo talla.

Sai zaɓen wuri. Akwai wata tsamiya mai inuwa lulluɓe, amma yaran suka ce su dai ba sa zama ƙarƙashinta bayan magariba. Ni ɗan boko ne, ban yarda da irin waɗannan maganganu ba, saboda haka na bar ta don wasu dalilai nawa na kaina. Na zaɓi wasu gawo biyu da ke tsaye daidai tazarar igiyata. Gawo dai kowa ya sani da damina yake kakkaɓe ganyensa ya tsaya tsirara, sai rani ya yi kore, kuma abin da yake zubarwa a gindinsa har da ƙaya. Tsakanin bishiyoyin akwai wani ɗan kwari mai yashi lallausa, sumul, babu ko ciyawa. Na ce wannan shimfiɗa ce Allah ya yi mini. Ban tsaya na tambayi kaina wane ne ya share wurin ya baje yashin haka ba.

Na ɗaura igiya sama da tsayina, don ina so in riƙa miƙewa tsaye a cikin ɗakina. Ƙullin da na koya a bidiyo mai zamewa ne, ka ja ya tsuke, ka saki ya tsaya. Nawa da na ja sai ya kwance, da na sake sai ya zama ɗaurin gwarmai. Ɗaya gefen kuma ya tsaya a ɗaurin talala. Na yafa tamfol, na soka siraran turakuna a jiƙaƙƙen yashi, suka shige salin-alin ba musu. Na ji daɗin haka ƙwarai.

Saura fuskantar da ƙofa. Malamai sun ce ka juya wa iska baya. Na jiƙa yatsa na ɗaga sama, na ji iska na busowa daga kudu maso yamma, yadda take yi duk damina. Sai na danne wannan gefen har ƙasa, na wangale gefen gabas da sanda biyu, don in ga fitowar rana ina kurɓar shayi. Ƙanena, ɗan Kawu, da ke tsugune yana kallo ya ce, "Yaya, gabas fa ka buɗe." Na ce na sani. Ya ce to.

Sauron fadama ba ya jiran a yi sallar isha. Tun ina sallame magariba suka fara gaisuwa, kafin in gama shayi sun kira 'yan uwa na nesa. Na shiga riga ta biyu, na ɗora ta uku, na sa safa a hannu. Suka koma kunne da goshi. Na tuna gidan sauron da ke kwance lafiya lau a kan gadona a Dutse, wanda nauyinsa bai kai na famfon katifa ba. Katifar kuwa na hura ta tam, na kwanta, na ji wani siririn sauti a ƙarƙashina, tsiiii. Sannu a hankali na riƙa sauka har bayana ya gaisa da ƙasar Miga. Kwaɗi na ta kiɗa. Duk motsin da ciyawa ta yi sai na haska tocila ina neman kububuwa.

Can tsakar dare iska ta ɗauke cak, saurayen ma suka yi shiru. Na leƙa ta faffaɗar ƙofata, sai ga gabas ta yi baƙi ƙirin, walƙiya na tsaga ta. Duk wanda ya taɓa ginin ƙasa a ƙasar Hausa ya san bangon gabas ne ruwa ke fara ci, shi ya sa ake ƙara masa yaɓe. Iskar damina daga kudu maso yamma take zuwa, amma hadari daga gabas yake tasowa, kuma na ƙarshen damina guguwa ce ke yi masa jagora. Kakata ta san wannan, akuyar gidanmu ma ta sani. Babu wanda ya faɗa a YouTube, domin masu bidiyon ba a Jigawa suke ba.

Iskar farko da ta shigo ta cika tamfol, turakun gaba suka fice tare. Na yi tsalle na kama kusurwa ɗaya, ƙarfen hujin igiyar ya yage ya bar ni da ƙyalle a hannu. Sai ruwa ya sauko. Abin da ya rage na rufin ya lotsa a tsakiya, ya tara ruwa ya kumbura kamar cikin akuyar da ta yi ɓarna a rumbu. Na sa kai na tura don in zubar, ya zubo gaba ɗaya ta wuyan rigata. A nan ne kuma na gane wanda ya share mini yashi, don ga shi ya iso da kansa ta ƙarƙashin katifa, yana tafe da takalmina ɗaya da guntun buroshina. Ɗaurin talala ya saki. Tamfol ya tashi sama, walƙiya ta haska mini shi sau ɗaya yana ketare gonar Kawu, bai ko waiwayo ba. Ɗaurin gwarmai kaɗai ya tsaya da igiyarsa, ya riƙe amana.

Na rungumi tukunyar gas, ban san dalili ba, na nufi tudu da takalmi ɗaya. Bukkar yaran guntuwa ce, sai ka durƙusa za ka shiga. Kara ne da ciyawa, an lulluɓe da wani tsohon tamfol da ya sha faci, bayanta na kallon gabas, ƙofarta ƙarama a yamma. Ciki gadon kara ne a ɗage, gidan sauro a sake, ko ɗigo babu. Ƙanena ya ɗaga gefen gidan sauron ya ce, "Sannu da zuwa, Yaya. Shigo, dama Baba ya ce mu bar maka wajen bango."

Da safe aka tsinto tamfol a gonar maƙwabci, ya kwantar da shinkafa kusan faɗin ɗaki, sai da Kawu ya je ba da haƙuri. Da ya dawo bai ce mini komai ba, ya dai ce in riƙe nan. A kan tudu ya kafa shi. Igiyar bai bar ta ta wuce ƙugunsa ba. Gefen gabas ya kai shi har ƙasa, ya tone ɗan rami ya binne bakin da ƙasa, ya bar rufin da gangare sosai yadda ruwa ba zai sami wurin zama ba. Ya sare turaku masu kauri, tsawon kamu guda da rabi, ya kafa su a karkace, kansu na kallon waje. Inda huji ya yage ya ɗauki ƙwallon goruba ya cusa a kusurwar tamfol, ya naɗe, ya zarge wuyan da igiya, ya ce wannan sai dai tamfol ɗin ya rabe biyu. Tsakanin igiya da turke kuma ya sa robar ɗaure kaya, irin wadda ake yankowa daga tsohon tub ɗin taya, don in iska ta fizga robar ta miƙe ta dawo maimakon leda ta yage. Ya ja 'yar kwata ta gefen sama ta zagaye. Kafin ruwan shayi ya tafasa ya gama.

Na tambaye shi inda ya koyi wannan. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce a bakin titi. A ambaliyar 2022, da kogin Haɗeja ya cika ya tumbatsa, kacala ta toshe hanyoyinsa, ruwa ya bi gonaki da gidaje a Miga da Auyo da Kafin Hausa da Ringim, mutane da yawa tudu suka hau da 'ya'yansu da awakinsu, tamfol da buhu suka zama ɗaki har ruwa ya janye. "Mu ba don sha'awa muka kwana a ciki ba, ɗan nan," in ji shi. "Kuma babu wanda ya tsaya zaɓen kaya. Tabarma, tukunya, gidan sauro, sai abin da za a sa a baki." Ya miƙo mini aswaki, ya ce ya ga buroshina ya bi ruwa.

Ɗan acaɓan da ya mayar da ni titi kuɗin mutum ɗaya ya karɓa, don Kawu ya riƙe tamfol zai shanya shinkafa, yara sun karɓi adda da fitila, gatari kuma an ce dama na gidan ya dakushe. Kuɓewar uwargida na manta da ita, har yau ana tuna mini. Sati na zagayowa zazzaɓi ya kwantar da ni, gwaji ya nuna maleriya, kuɗin magani ya fi kuɗin gidan sauro sabo.

Mai karatu, idan kana da sha'awar kwanan daji, ina da katifa mai hurawa da famfonta, da siraran turaku 'yan Kano waɗanda suka tsira, da takalmin ƙafar hagu lamba 43. Zan yi maka sauƙin farashi. Katifar tana buƙatar faci kaɗan.