Har Zama Sai An Koya

Mutanen gabashin Greensboro a Amurka sun san darajar zama. Daga jami'arsu ta A&T ɗalibai huɗu suka fito ranar 1 ga Fabrairu 1960, suka zauna a kantin Woolworth, suka ƙi tashi, wariyar launin fata ta girgiza. Yanzu kuwa zaman gaban kwamfuta ke cin bayan jikokinsu.

Magani wai salon Feldenkrais: ka biya dala, ka miƙe a tabarma, malama ta ce juya wuya sannu-sannu, ɗaga kafaɗa kaɗan, kada ka wahala. Kakata a Kano kullum haka take yi bayan azahar, muna cewa tsufa ne. Jama'a, Hajiya tana bin mu kuɗin makaranta.